Ruwa mai daskarewa ranar Asabar: in kama hanyar Montreyal ko in haƙura?

Baban Ummi: Salamu alaikum. Ranar Asabar ake sunan ɗan ƙanena a Montreyal, ni kuma ina Otawa, nan Kanada. Hasashe ya nuna digiri 7 ƙasa da sifili da asuba, wajen azahar ya haura zuwa 2 sama, a tsakani kuma ruwa mai daskarewa. Wannan ne hunturuna na farko, tayoyin da na sayi motar da su ne a jikinta. In yi sammako kafin ruwan ya sauko, ko in bari rana ta ɗaga?

Ɗan Gwammaja: Sa tayar hunturu kawai. Dala 600 na sayi huɗu.

Hajiyar Laval: 600 a ina? Ni 1,100 na biya har da kuɗin ɗauri. Kuma a Kebek, jihar da Montreyal take, sa tayar hunturu doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Ɗan Gwammaja: Na hannu ne, Hajiya. Dokar kuma ta motoci masu lambar Kebek ce, shi lambar Ontariyo, jihar da Otawa take, gare shi.

Injiniya: Tayar tana taimakawa a dusar ƙanƙara, amma wannan ruwan daban ne. Iska mai ɗumi a sama ce ke narkar da dusar, ƙasa kuma da sauran sanyi, ɗigon na taɓa kwalta sai ya zama kamar gilashi. Kwarin kogin Otawa yana riƙe sanyi, shi ya sa 2 ɗin nan da aka ce azahar tana iya kaiwa magariba ba ta iso ba.

Malam na Gatino: Ni kada wanda ya ƙara yi min zancen hasashe. 5 ga Afrilun 2023, muna tsakiyar azumi, na ce ai hunturu ya wuce. Kafin la'asar kowane reshe ya yi sulke da ƙanƙara, wani ya karyo a kan motata. Gidaje sama da miliyan ɗaya aka ɗauke wa wuta a Kebek. Kwana uku muna sahur da busasshen burodi, yara cikin bargo uku-uku. Maƙwabcina ya hura gawayi a falo, sai a asibiti ya farfaɗo. Kamfanin inshora kuwa wata huɗu suna min yawo da hankali, abin da suka biya ko gilashin gaba bai saya ba.

Ɗan Gwammaja: Kwana uku babu wuta? Malam, ai gida ka je ka dawo ba tare da tikiti ba 😂

Kawu Tsohon Zama: Yaran nan! Wanda bai ga na Janairun 1998 ba ya yi shiru. Turakun wuta na ƙarfe suka durƙushe, sai da aka fito da sojoji, wasu suka yi makonni a duhu.

Injiniya: Kawu, da girmanka, hasashen yanzu ba na 1998 ba ne.

Kawu Tsohon Zama: Karatu daban, zama daban, ɗana.

Hajiyar Laval: Ni mai gidan hayarmu ne damuwata. Ba ya zuba gishirin narkar da ƙanƙara a matakala, bara na zame na yi wata biyu da ɗauri a hannu.

Malam na Gatino: Namu ma haka. Ni nake sayen gishirin, dala 8 buhu.

Ɗan Gwammaja: 8? An cuce ka, 5 ne.

Baban Ummi: Jama'a, asuba ko azahar?

Hajiyar Laval: Malam, ka taɓa cire kuɗin gishirin daga kuɗin haya?