Na zata kyanda ce, sai fata ta fara salɓewa

Assalamu alaikum likitoci da 'yan'uwa ma'aikatan jinya. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Agege. Shekaranjiya aka kawo mana yarinya 'yar shekara 14 da zazzaɓi, jan ido da ƙuraje. Na ɗauka kyanda ce. Washegari leɓɓanta suka tsattsage suka yi baƙin ɓawo, ko ruwa ba ta iya haɗiya, kuma da na ɗan goga yatsa a bayanta sai fatar ta zame kamar ta wanda ya ƙone. Nan na fara zargin ciwon Stevens-Johnson, wato mummunan ciwon fata da wasu magunguna ke jawowa.

Ga inda na maƙale. Sati biyu ke nan tana shan Tegretol don farfaɗiya, kuma uwarta ta sayo mata Septrin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kemis. Duka biyun suna iya jawo wannan ciwo. Septrin kam na tsayar nan take. Tegretol ɗin ma na cire, amma ina tsoron farfaɗiyar ta dawo. Na san magungunan farfaɗiya irin su fenitoyin da fenobabiton ba su dace ba a nan, domin su ma suna iya jawo ciwon. Wanne zan ba ta a madadinsa?

Na rubuta musu takardar zuwa LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba, amma baban yana neman kuɗi tukuna. Kafin su tafi, me zan sa mata a ido kada fatar idon ta manne?