"Ni ban taɓa cutar kowa ba": me kuka ce wa mai faɗin haka?

Maman Biyu, Mabera: Salama gare ku 'yan'uwa. Surukina na kwance, shekaru sun ja. Dattijo ne da ko rigimar fili aka yi a unguwa shi ake kira. Jiya dattawan coci suka zo dubiya, ɗaya ya tambaye shi ko ya shirya saduwa da Ubangiji. Sai ya ce, "Ban ci haƙƙin kowa ba, ban sha giya ba, zakkata ba ta taɓa fashi ba. Allah ya san ni." Sunan Yesu ko sau ɗaya bai fito bakinsa ba. Ni suruka ce, kunya ta rufe mini baki. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya ya yi?

Telan Tsohuwar Kasuwa: Mama, haka babana ya yi mini. Ban yi masa gardama ba, Luka 18 na buɗe, labarin Bafarisiye mai azumi sau biyu a mako da mai karɓar haraji da ya kasa ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai. Baba ya ce, "To, ƙarya Bafarisiyen ya yi?" Na ce a'a, gaskiya ya faɗa, amma ɗayan ne ya koma gida a karɓe. Ya juya fuska bango, ya ce in rage fanka. Daga baya shi da kansa ya ce a sake karanta masa wurin.

Malamin ajin baftisma, Arkilla: Kowace shekara ina gamuwa da wannan, kuma masu kirkin sun fi wuyar sha'ani. Mashayi ya san yana bukatar gafara. Wanda gari ya shaida da amana fa? Nakan kai su ga Karniliyus a Ayyukan Manzanni 10: mai tsoron Allah, mai sadaka, mai addu'a kullum. Allah bai raina sadakarsa ba, mala'ika ma ya ce ta kai gabansa. Duk da haka aka aiko masa Bitrus da labarin Almasihu. Bulus ya ce a Romawa 3 kowa ya yi zunubi, kuma ta bangaskiya ake samun barata, wato Allah ya karɓi mutum a matsayin mai adalci, ba ta ayyukan shari'a ba. Sai dai kada ki ce wa tsoho kirkinsa tsumma ne. Na ga wani mai wa'azi ya jefa wa marar lafiya Ishaya 64:6, inda aka kwatanta ayyukan adalcinmu da tsumma, haka gatsau, 'ya'yan suka raka shi bakin ƙofa.

'Yar Katolika, Gawon Nama: Malam, ku riƙa haɗawa da Yakubu 2, bangaskiya ba ayyuka matacciya ce. Wata mai cewa "an cece ni ta alheri" ta cinye mana kuɗin adashi, ranar Lahadi tana gaba da tambari a hannu. Wadda ta ranta mini na biya kuɗin makarantar yara maƙwabciyata ce Musulma, ko shaida ba ta nema ba. Kuma gardamar nan ta bangaskiya da ayyuka da ta taso tun Martin Luther, wanda cocin Lutheran ya samo asali daga gare shi, a 1517, Katolika da Lutheran sun sa hannu a Augsburg a 1999 cewa alheri ne ke ceto, ayyuka kuma 'ya'yansa ne.

Malamin ajin baftisma: Ban musa ba, 'yar'uwa. Afisawa 2:10, mai cewa an halicce mu domin kyawawan ayyuka, na nan bayan aya 8 da 9 masu cewa ta alheri aka cece mu. Mai adashin nan gaban dattawa ya kamata a kai ta.

Maman Biyu: Na gode muku. Maigida ya ce shi ba zai iya buɗe wa mahaifinsa baki ba, don haka gwaggonsu za mu roƙa, da ita kaɗai yake zama ya yi doguwar hira. Tela, daga wace aya ka fara?

Telan Tsohuwar Kasuwa: Daga 9 zuwa 14, Mama. A karanta da Hausa, a hankali, kuma kada ɗakin ya cika da mutane.