Kwalaben kyandir sun taru mini, me zan yi da su?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema. Ina yawan kunna kyandir mai ƙamshi, irin wanda ake zubawa a kwalbar gilashi mai faɗin baki, kuma yanzu waɗanda suka ƙare sun cika mini kabad. Gilashin mai kauri ne, wasu har da murfinsu, na katako da na ƙarfe, shi ya sa raina bai ba ni in zubar ba. Sai dai kowace akwai ragowar kaki a gindinta, da ɗan ƙarfen nan mai riƙe lagwani, ga baƙin hayaƙi a baki, ga takardar kamfani manne a jiki. Yaya zan fitar da kakin ba tare da na fasa kwalbar ba? In na wanke tas, zan iya zuba sukari ko ganyen shayi a ciki? In ba haka ba, ku me kuke yi da naku? Allah ya saka da alheri.

Anti Mai Ɗinki:
Wa alaikumus salam. Maman Biyu, kada ki zubar ko ɗaya. In kina da firiza, aikin ya zo da sauƙi. Ki saka kwalbar ta kwana a ciki. Kaki yana tsukewa in ya sha sanyi, sai ya saki jikin gilashin da kansa. Da safe ki sa bayan cokali ki danna gefe guda, za ki ga ya ɗago a dunƙule, wani lokacin ma kifewa kawai za ki yi ya faɗo. In bakin kwalbar ya fi cikinta ƙanƙanta, sai ki tsaga kakin gida biyu ko uku kafin ki saka, don ya samu hanyar fita. Cokali na ce, ba wuƙa mai kaifi ba, don wuƙa tana karce gilashi, kuma tana iya zamewa ta sami hannu. Bayan kin fitar da kakin ki bar kwalbar ta huce daga sanyin kafin ruwan ɗumi ya taɓa ta.

Malam Injiniya:
Maganar Anti ta ƙarshe ita ce wadda nake so a riƙe da kyau. Gilashi ba zafi ne ke fasa shi ba, sauyin zafi ne na farat ɗaya. In ruwan zafi ya taɓa ciki, cikin ya buɗa, wajen kuma yana nan da sanyinsa bai motsa ba, sai gilashin ya tsage. Kuma kauri ba kariya ba ne a nan. Mai kaurin ma ya fi saurin tsagewa, domin zafi yana daɗewa kafin ya ratsa shi.

Ga wanda ba shi da firiza, ruwan zafi yana yi. Kakin farafin, wato wanda ake samu daga man fetur, yana narkewa tsakanin digiri 46 zuwa 68 a ma'aunin Salshiyos, kakin zuma kuma wajen digiri 62 zuwa 64. Ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa, ke nan ba kya buƙatar tafasasshe. Ki tafasa, ki sauke, ki bar shi ya ɗan sarara. Ki fara ɗauraye kwalbar da ruwa mai ɗumi, ki aza ta a kan tawul, ba a kan tayil mai sanyi ba, sannan ki zuba ruwan a hankali, ki bar sarari kaɗan a sama. Kaki bai kai ruwa nauyi ba, don haka yana narkewa zai taso. In ruwan ya huce za ki tarar ya daskare a sama kamar faifai, sai ki ɗauke.

Abu biyu nake roƙo, Malama. Kada ki juye ruwan a sinki. Ɓurɓushin kakin zai daskare a cikin bututu, datti ya riƙa maƙalewa a jikinsa har ya toshe. Ki tace da tsumma, ki jefa tsumman a shara. Na biyu, kada kwalbar ta shiga maikirowef, saboda ɗan ƙarfen lagwanin yana iya yin tartsatsi.

Ƙanwar Kowa:
Na takardar kuma, Yaya, ki jiƙa kwalbar a ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, yawanci da kanta take saɓulewa. In gam ya rage, ki shafa ɗan mai ki bar shi ya jima, sai ki goge da soso. Na'urar busar da gashi ma tana sassauta gam. Baƙin hayaƙin da maiƙon da ke saura, auduga da sifirit suna ɗauke su nan take. Ƙarfen lagwanin da gam ake manna shi, in gindin kwalbar ya yi ɗumi cokali zai ɗago shi.

Hajiya Babba:
'Yata, batun wankewa an gama miki shi. Ni na sukari da ganyen shayi zan yi magana. Kada ki zuba. Kwalbar nan ba don abinci aka yi ta ba, kuma turaren da ke cikin kakin ba na ci ba ne. Ganyen shayi kuwa babu abin da ya kai shi jan ƙamshi, duk abin da ya kwana kusa da shi sai kin ji shi a kofi. Gida ba ya rasa abin da za a zuba a kwalba, me ya kai ki ga abin da yara za su sa a baki?

Ƙanwar Kowa:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma ni a sanina gilashi ba ya shan komai. In an wanke shi da kyau ai ya koma kamar sabo. Ko ba haka ba ne?

Malamar Kimiyya:
Ƙanwata, rabin maganarki gaskiya ce. Gilashi tsantsa ba shi da ƙofofin da mai ko ƙamshi zai shige, shi ya sa ake iya wanke shi tas. Amma kwalbar kyandir ba kullum take gilashi tsantsa ba. Da yawa kalar da kike gani fenti ne aka fesa, wani a waje, wani a ciki, wasu kuma an shafe su da abin ƙyalli mai kama da azurfa ko zinariya. Ki gwada kankarar gefen da farce ko ki jiƙa a ruwan zafi, sau da yawa za ki ga yana ɓarewa. Wanda ya ƙera kwalbar bai yi ta da niyyar abinci ba, don haka babu abin da ya tilasta masa ya yi amfani da fentin da ya dace da abinci, kuma an san wasu fentukan ado na gilashi da tangaran suna ɗauke da dalma ko kadmiyam, wato ƙarafa masu guba. Ke da ke gida ba ki da hanyar tantancewa da ido.

Sai murfin. Na katako yana shan ƙamshi har cikin jikinsa, robar da ke zagaye da shi ma haka, kuma wanki ba ya fitar da shi gaba ɗaya. Akwai kuma batun lagwani: a da ana sa zaren dalma a tsakiyar wasu don su tsaya a miƙe, har Amurka ta haramta su a 2003. Tsohon kyandir ko wanda ba a san inda aka yi shi ba, ni ba zan yarda da kwalbarsa kusa da abinci ba.

Saboda haka ina bayan Hajiya. In dai dole sai an kai ta kicin, a zaɓi farar kwalba garau wadda ba fenti, a sa mata abin da ke cikin takardarsa, kamar alewa mai leda ko shayi mai 'yar jaka da aka rufe ɗai-ɗai. Shan ruwa ko shayi a ciki kuwa, a'a.

Anti Mai Ɗinki:
Ni nawa duk a teburin ɗinki suke. Ɗaya maɓallai, ɗaya fil da allurai, ɗaya ƙananan zare. Amfanin gilashi shi ne kana hango abin da ke ciki ba sai ka buɗe ba. Murfin ma na manna masa ɗan ƙyalle da auduga a ciki, ya zama wurin soke allura. A gaban madubi kuma dogayen suna riƙe burushin kwalliya da mataji, gajerun auduga da abin ɗaure gashi da 'yan kunne. Sai dai a banɗaki a kula da murfin ƙarfe, danshi yana sa shi tsatsa.

Baban Yara:
Mu ma maza muna da rabo a ciki. Ƙusoshi, noti, ƙananan makullai, duk abin da ke ɓacewa a durowa. Na teburin karatu biro da fensir. Amma gidan da ke da masu rarrafe a ɗaga su sama, gilashi ne, ga kuma ƙananan abubuwan da yaro zai iya haɗiyewa.

Uwar Lambu:
'Yar uwa, za ki ga hotuna da yawa an shuka fure a irin kwalaben nan, gwanin sha'awa. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne kwalbar ba ta da huda a gindi. Ruwan da kika zuba ba shi da mafita, sai ya kwanta a ƙasa, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Ana cewa a zuba tsakuwa a gindi, amma tsakuwa ba ta fitar da ruwa, yana nan dai a cikin kwalbar. Tsirran nan masu kaurin ganye da aka fi sakawa su ne ma suka fi ƙin jiƙa. Dabarar da ta fi ita ce ki shuka a ƙaramin mazubin roba mai huda, ki zura shi a cikin kwalbar. Ranar ban ruwa ki ciro, ki ba shi, ya tsane, ki mayar.

Inda kwalbar ta fi amfani a wurina shi ne fitar da saiwa. Ki yanko reshe daga ƙasan gaɓa, ki cire ganyen da zai nutse, ki tsoma a ruwa, ki ajiye inda haske yake amma ba rana kai tsaye ba. Kina kallon saiwar tana fitowa ta cikin gilashin. Ki dai riƙa sauya ruwan duk bayan kwana biyu ko uku, ki kuma goge cikin kwalbar, domin sauro yana ƙwai a ruwan da ya kwanta, kuma cikin mako guda zuwa kwana 10 ƙwan ya zama sauro mai tashi.

Maman Biyu:
Kai, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, na ji, na bar maganar sukari. Ga wata tambayar kuma: kakin da zan ciro zai yi yawa in na tara. Zan iya narka shi in mayar a ɗaya daga cikin kwalaben ya zama sabon kyandir?

Mai Haɗa Kyandir:
Za ki iya, Maman Biyu, sana'ata ce, amma ki saurare ni da kyau don nan ne wuta take shigowa.

Ki fara da zaɓen kwalba. Ki ɗaga ta a haske ki juya, ki bi bakin da yatsa. In akwai tsaga ko da siririya ce, ko ɓalli, ko karce mai zurfi, wannan ta gama aikin wuta, a ba ta maɓallai. Kowane kunnawa gilashin yana zafi yana hucewa, ƙaramin rauni kuma a nan yake girma, ranar da zai buɗe kuwa narkakken kaki ne da wuta za su malalo a tebur. Ko lafiyayyar kwalba ni ba na yi mata cikawa ba iyaka.

Narkawa kuma ba a ɗora kaki kai tsaye a wuta. Ki zuba shi a tsohon gwangwani mai tsabta, ki sa gwangwanin a tukunya mai ruwa, ruwan ne zai narka shi. Hikimar ita ce muddin akwai ruwa a tukunyar zafin ba zai wuce digiri 100 ba, kakin farafin kuwa sai wajen digiri 200 tururinsa yake kama wuta. Kada ki bar wurin. In tsautsayi ya sa ya kama, kada a watsa ruwa, fallatsa zai yi wutar ta bazu. A kashe murhu a rufe da murfin tukunya.

Ki tace ƙonannen lagwani da baƙin da ke ciki. Ki haɗa masu ƙamshi iri ɗaya ko masu kama da juna, kuma in kin san nau'insu, na waken soya da na waken soya, na farafin da na farafin, don ba zafi ɗaya suke narkewa ba. Lagwani ki sayi sabo wanda aka yi don kyandir, kada ki murɗa zare ko tsumma. Masu sayarwa suna rubuta faɗin kwalbar da kowane lagwani ya dace da shi, sai ki auna bakin taki. In ya yi ƙanƙanta, rami zai haƙa a tsakiya ya bar kaki a gefe. In ya yi girma, harshen wutar zai yi tsawo, ya yi hayaƙi, ya gasa gilashin. Ki manna shi daidai tsakiya, ki ɗora fensir a bakin kwalbar ki jingina shi don kada ya karkata, ki ɗumama kwalbar kaɗan kafin ki zuba, sannan ki bar shi ya kwana bai motsa ba.

Wajen kunnawa, ki datse lagwanin ya rage kamar milimita 6, kada ya wuce awa 4 yana ci, kuma in kaki ya rage kamar santimita 1 a gindi ki daina. Ragowar nan da kika tarar a kwalabenki ba asara ba ce, ita ce ke hana wuta taɓa gindin gilashin. Ƙamshin dai ba zai kai na farko ba, tunda wani ya riga ya tashi. In ba kya son wahalar lagwani, ki sa gutsattsarin a ƙaramar jakar ƙyalle ki ajiye a durowar kaya, nesa da zafi don kada ya narke ya ɓata tufafi.

Malam Injiniya:
Ƙari kaɗan a kan waɗanda suka tsage. In a inda mutum yake ana karɓar gilashi don sake sarrafawa, a tambaya tukuna ko suna karɓar kwalbar kyandir. Wasu ana yin su da gilashi mai jure zafi, wanda ba ya narkewa a zafi ɗaya da na kwalaben lemo, kuma in ya shiga cikinsu yana ɓata aikin. In shara za ta, a naɗe ta da takarda mai kauri ko kwali a ɗaure, a rubuta a jiki cewa gilashi ne, saboda hannun masu kwasa.