"Stoppage time" da "extra time": duka ƙarin lokaci ne?

Mai-Usur: Jama'a, masu koyon Turanci ta sauraron sharhin ƙwallo suna rikicewa a nan, domin mu da Hausa duka biyun ƙarin lokaci muke ce musu, alhali ba abu ɗaya ba ne. "Stoppage time", ko "added time", ko "injury time", mintunan da alƙalin wasa ke mayarwa ne a ƙarshen kowane rabi saboda lokacin da sauyin 'yan wasa, jinya, murnar cin ƙwallo da duba VAR (bidiyon da ke taimaka wa alƙali yanke hukunci) suka cinye. "Extra time" kuwa minti 30 ne, 15 sau biyu, kuma sai a wasan da dole a fitar da gwani. Me za mu kira na farkon?

Ɗan Baya: Mintunan ramuwa, Malam. Ai abin da ya kuɓuce ake ramawa.

Mai-Usur: Ma'anar ta yi, amma a bakin 'yan ƙwallo, in ka ce ramuwa za a ɗauka an farke ci ne.

Gwaggon Sharhi: Ku ce cikon lokaci. Ciko na abin da bai cika ba ne, ƙari kuwa sai bayan an cika ake yin sa. Minti 45 ɗin ne suka yi giɓi, alƙali ya cike. Shi ya sa adadin da alƙali na huɗu ke ɗagawa a allo mafi ƙaranci ne. Mai sharhi zai ce "a minimum of four minutes", wato ana iya zarce huɗun, amma ba a rage shi. Rubutun ma ya bambanta su. Ƙwallon da Solskjaer na Manchester United ya ci Bayern Munich a 1999 ana rubuta ta 90+3, a ciko ke nan. Ta Iniesta a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2010 kuwa minti na 116 ce, a ƙarin lokaci ke nan, babu alamar tarawa (+).

Ɗan Baya: To Gwaggo, shi ƙarin lokacin ba ya samun nasa cikon?

Gwaggon Sharhi: Yana samu mana, ɗana. Za ka ga 105+1 ko 120+2, sai ka ce cikon ƙarin lokaci.

Mai-Usur: Ya zauna. Kuma ya fi "injury time" ɗin nasu daidai, tunda ba rauni kaɗai ke cin lokaci ba.