Me ya sa infiniti bisa infiniti bai ba da 1 ba?

Hafsat, Ƙofar Marusa, Katsina:
Assalamu alaikum. Ina shekarar farko a jami'a, kuma a gwajin kalkulas na makon jiya an ba mu (3x² + 5x)/(2x² − 7), aka ce mu nemo iyakar da yake dosa idan x ya ci gaba da girma ba tsayawa. Na ga na sama yana tafiya infiniti, na ƙasa ma haka, sai na rubuta 1, tunda duk lambar da aka raba da kanta 1 take bayarwa. An soke amsata, aka rubuta 3/2. Don Allah, a ina na kauce?

Malam Lawal, Daura:
Wa alaikumus salam, Malama Hafsat. Kin kauce ne tun daga inda kika ɗauki infiniti a matsayin lamba, alhali alama ce kawai ta girman da ba ya ƙarewa. Na sama da na ƙasa duk suna girma, amma ba da sauri ɗaya ba, kuma saurin nan shi ne ake tambayarki.

Ki gwada da kanki. Idan x 10 ne, za ki samu 350/193, wato kusan 1.81. Idan x ya kai 1,000, na sama 3,005,000 ne, na ƙasa kuma 1,999,993, rabonsu kusan 1.5025. Ki lura cewa a cikin miliyan ukun nan 5,000 kacal ne gudummawar 5x, ita kuwa 7 ta zama kamar tiya guda a rumbun da ke cike da gero. Hanyar da nake koya wa ɗalibaina ita ce a raba sama da ƙasa da x², a samu (3 + 5/x)/(2 − 7/x²). Da x ya yi nisa, 5/x da 7/x² suna dosar sifili, sai 3/2 ya rage. Da a ce fawar x ta ƙasa (wato 'yar lambar da ke kan x, kamar 2 a x²) ta fi ta sama, iyakar sifili ce. Da ta sama ce ta fi, babu lambar da za ta tsayar da shi.

Abdulhadi, Katsina:
Allah ya saka wa Malam da alheri. Ni ƙa'idar L'Hôpital, wadda aka fara wallafawa a 1696, nake bi, domin ta fi sauri: a yi difarenshiyeshan (wato nemo saurin canjin lissafi yayin da x ke canzawa) na sama daban, na ƙasa daban, a samu (6x + 5)/4x, a sake yi a samu 6/4.

Malam Lawal, Daura:
Daidai ne, ɗan'uwa, amma ba na son ɗalibi ya jingina da ita tun bai gane dalilin amsar ba, saboda akwai inda take kewayawa da mutum. Ka gwada ta a kan x/√(x² + 1): bayan zagaye na farko lissafin zai kife, bayan na biyu ka dawo inda ka faro. Raba da x kuwa nan take yake ba da 1 ta ɓangaren dama. Ta ɓangaren hagu, inda x ke ƙasa da sifili, amsar −1 ce, domin √(x²) daidai yake da −x a can, kuma a wannan alamar ce ɗalibai da yawa suke asarar maki.

Hafsat:
Na gode, Malam. Na gwada x = −100 a kalkuleta, na samu kusan −0.99995. Yanzu zan koma kan √(x² + x) − x, wanda dā zan rubuta masa sifili, amma da na sa 100 sai ga 0.4988.