Na sauya famfon mai sau biyu, har yanzu motar tana wahalar tashi

Mai Corolla 2006 ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan motata, Toyota Corolla ƙirar 2006 mai injin 1ZZ-FE. Wata huɗu da suka wuce ta fara shaƙewa idan na taka totur a kan hawa, sai makaniken da nake kai wa ya ce famfon mai ne ya gaji, aka sa sabo. Bai yi wata biyu ba ya fara kuka kamar an kulle ƙudan zuma a ƙarƙashin kujerar baya, aka cire shi aka sa wani. Yanzu kukan ya tafi, amma idan motar ta kwana, ko ma ta yi awa ɗaya a ajiye, sai na daɗe ina murza makulli kafin ta tashi, kuma ƙarfinta a kan hawa bai dawo ba. Makaniken ya ce mu sake sayen na uku. Wane famfo ne za a iya dogara da shi, kuma ta yaya zan tabbatar cewa laifin famfon ne?

Tsohon Makanike ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka sake fitar da kuɗi, ka tambayi mai gyaran nan lamba nawa ya gani da ya auna matsin man. Ina kyautata zaton zai ce maka bai auna ba, ya dai zare tiyo ya ga mai yana tsartuwa, ko ya kara kunne ya ji famfon yana gurnani. Ido ba mudu ba ne, kuma famfon da ke ba da rabin abin da ake bukata ma zai iya jiƙa wa mutum riga.

Injinka yana son matsin mai tsakanin 44 zuwa 50 psi, wato bar 3 da ɗan ɗoriya. A haɗa geji, wato agogon auna matsi, a bututun da ke kai mai wurin nozul masu fesa mai cikin injin, a tada motar a karanta. Daga nan a kashe ta a zuba wa allurar gejin ido, domin a nan ne amsar wahalar tashin take: bayan minti 5 bai kamata matsin ya sauka ƙasa da 21 psi ba. Idan ka ga allurar ta faɗo cikin daƙiƙu kaɗan, to man yana zurarewa ta wani wuri, kuma wuraren ba su da yawa. Ko dai ɗan bawul ɗin da ke bakin famfon, wanda aikinsa hana mai komawa tanki, ba ya rufewa, ko regileta mai daidaita matsin man tana saki, ko wata nozul tana ɗiga cikin injin, ko kuma robar da ke haɗa famfon da gidansa ta yage. Nozul mai ɗiga tana da alamarta, domin motar kan tashi da warin ɗanyen mai da ɗan baƙin hayaƙi, kuma idan aka kwance filogi za a tarar da ɗaya a jiƙe.

A wannan ƙirar, filtar mai da regileta duk suna cikin tanki tare da famfon, babu bututun da ke dawo da mai daga injin. Abin da na fi gani a aikin gaggawa shi ne a zare tsohon famfo a cusa sabo, a bar tsohuwar robar da ta bushe, a bar filtar da ta shekara goma sha tana tara datti. Famfon da ke tura mai cikin toshesshiyar filta dole ya yi kuka ya mutu da wuri, kuma ina zargin abin da ya kashe na farkonka ke nan. Awo na ƙarshe shi ne a taka totur sosai ana kallon gejin, domin famfo yana iya riƙe matsi a silo, wato injin yana aiki ba a taka totur ba, ya kasa idan injin ya nemi mai da yawa.

Mai Wayarin ya amsa:

Na yarda da bayanin Baba, sai dai zan ƙara ɓangaren wuta, wanda aka saba mantawa da shi. Famfo injin lantarki ne, idan wuta ta ragu gudunsa zai ragu. A ɗaga kujerar baya, a sa mita a soket ɗin famfon yayin da motar ke aiki, a kwatanta da abin da ke kan batir. Idan bambancin ya wuce rabin volt a wayar da ke kawo wuta ko a ta negetif, akwai matsala a rile mai sakar wa famfon wuta, ko fiyus, ko mahaɗar waya. Na taɓa buɗe soket na tarar ƙarfen ciki ya yi baƙi, robar gefensa ta narke ta zama ruwan ƙasa, kuma mai motar ya riga ya sayi famfo biyu a banza. Kada kuma a ruɗe da rashin jin famfon idan an buɗe makulli kawai: motoci da yawa suna kunna shi na kamar daƙiƙa 2, amma wasu Toyota sai an fara murza injin yake tashi. A cire kan batir na negetif kafin a buɗe tanki, a kuma nisanta sigari da duk abin da ke tartsatsi.

Hajiya Mai Kayan Gyara ta amsa:

Tun da ka tambayi wanda za ka saya, ɗan'uwa, ka nemi na kamfanin da ke yi wa Toyota tun farko, wato Denso ko Aisan, sannan Bosch da Delphi ma sanannu ne. Sai dai sunan da ke kan kwali bai isa hujja ba, domin sunaye masu tashe su aka fi yi wa jabu. Ka tafi da lambar shasin motarka a fitar da lambar kayan, ka duba ko lambar da ke kan kwalin ta yi daidai da wadda aka zana a jikin famfon, ka kuma nemi rasiti da garanti a rubuce. Wanda aka ce yana shiga kowace mota, ni ba na ba da shawararsa, saboda yakan zo da baki mai girma dabam wanda ba ya zama daram a gidansa. Manyan kamfanoni ma sukan yi kuskure, don a 2020 Toyota da Honda sun janye motoci masu yawa saboda farfelar cikin famfon Denso tana kumbura ta cije, amma wannan ya shafi sababbin ƙira ne, ba irin taka ba. Duk wanda ka saya, ka haɗa da sabuwar rariyar ƙasansa da filta da robobi, a wanke tankin idan akwai laka, kuma ka daina barin mai yana ƙarewa ƙaf, domin man ne ke sanyaya famfon.

Mai Corolla 2006 ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kai motar wani gareji mai geji. A silo ta nuna 38 psi, da aka kashe kuwa allurar ta koma sifili kafin minti ɗaya. Wuta lafiya take. Da aka fito da gidan famfon sai muka ga robar bakinsa ta naɗe ta tsage gefe guda, filtar kuma ta asali ce tun daga kamfani, man da ya fito daga cikinta kamar ruwan shayi. An sauya su duka biyun, aka mayar da famfon da ke ciki. Yanzu tana ba da 47 psi, bayan minti 5 tana kan 40, kuma yau da safe murzawa ɗaya ta tashi. Baba, shin in bar wannan famfon, ko in sauya shi tun da ya yi makonni yana aiki cikin wahala?

Tsohon Makanike ya amsa:

Ka bar shi, tun da lambobin sun cika kuma ba ya kuka. Bayan wata ɗaya ka koma a sake aunawa, musamman lokacin da aka taka totur, ka rubuta lambar ka ajiye tare da ta yau. Idan ta fara sauka ƙasa da 44, sai ka bi shawarar Hajiya.