Musayar Waƙa: Ɗinke Ɓarakar 'Yan Gida Ɗaya

Baffan Ƙofar Doka:
Na buɗe fage. Amsa-amonmu "ci" ne, kowa ya riƙe.

Wa da ƙani sun shekara ba sallama,
Uwa ɗaya, uba ɗaya, ina zumunci?
In ka bi sawun irin wannan a Zazzau,
Galibi zai kai ka gidan mamaci.
An yi sadakar uku, an yi ta arba'in,
Rabon gado kuwa, "da sauran lokaci."
Babban wa na karɓar haya ba rubutu,
Shekaru na tafiya, ƙanne na haɗiyar ɗaci.
Ku faɗa mana, ta ina ake kama ɗinkin,
Kafin jikoki su gaji ƙasƙanci?

Almajirin Kona:
Baffa, lissafi ake yi kafin nasiha,
Wa'azi ga wanda aka cuta ganganci.
Likkafani da bashi su ake fara cirewa,
Sai wasiyya, sulusi ne iyakar hukunci.
Kuma babu wasiyya ga mai cin gado,
Sai in sauran magada sun yi sassauci.
A ce miliyan 8 ta rage, ga matar aure,
'Ya'ya maza 2, mata 3, babu iyayen mamaci.
Tumuni, miliyan 1, na matar ne,
In su biyu ne su raba shi da adalci.
Sauran 7, ɗa ya ɗauki 2, 'ya ta ɗauki 1,
Aya ta 11 da 12 a Nisa'i, ba ha'inci.
Ɗan ɗakin uwargida da na amarya,
A dukiyar uba ba su da bambanci.

Gwaggon Tudun Wada:
Malam, alƙalaminka daidai, amma tsaya,
A farashin gida ake ɓoye zalunci.
A kira dillalai 3, ban da abokin yaya,
Kowa ya yi kima, a ɗauki matsakaici.
Mai son zama a gidan ya biya sauran,
Da wa'adi a takarda, ba alkawarin fatar baki da ganganci.
In wani zai sayar da kasonsa kafin rabo,
Shuf'a, haƙƙin fara saye, ta abokin gado ce, ba ta maƙwabci.
Kuma ku daina ce wa mace, "Yi haƙuri,
Kina gidan miji, me ya haɗa ki da talauci?"
Haƙurin dole shi ke haifar da gaba,
'Ya'yanta su taso da wannan taƙaici.
A danƙa mata kasonta a hannu tukuna,
In ta bayar bayan haka, wannan ne karamci.

Ɗan Samaru:
Gwaggo, wani faɗan tun Inna na raye,
Ɗaya ke jinya, saura suna barci.
Na Abuja ya turo kuɗi ya ce ya sauke,
Ta gida na wankin dare cikin ƙunci.
A raba aiki: wane magani, wance kwana,
Wane cefane, kowa da ranarsa, ba ragwanci.
Rasit ɗin asibitin Shika a tara a jaka ɗaya,
Ranar tambaya shi ke tsare mutunci.
Ban da sauke fushi a WhatsApp,
Muryar da ka tura za ta kai ga maƙetaci.

Kawun Kwarbai:
Mai sulhu ya zama kawu ko gwaggo marar kaso,
Wanda zai ci gado ba ya alƙalanci.
Ya ji kowa shi kaɗai, a rana daban,
Haɗa su da zafinsu ƙarin wulaƙanci.
Ranar zama, zauren da ba na ɗayansu ba,
Matansu da mazansu su jira, ban da wakilci.
Ba a tono wanda Baba ya fi so da yarinta,
Batu ɗaya a zama ɗaya ya fi aminci.
A rubuta, shaidu 2 su sa hannu, kowa da kwafi,
In ta ƙi, sai mai unguwa, sannan dagaci.
Kotun shari'a a bar ta sai an rasa hanya,
Za ta raba gida, ba ta tilasta zumunci.

Ƙanwar Gyallesu:
Kawu, wa zai fara? Yaya na jiran ƙani,
Ƙani na cewa shi aka yi wa butulci.

Almajirin Kona:
Kwana 3 ne iyakar ƙauracewa a hadisi,
Wanda ya fara sallama shi ne mafifici.
Litinin da Alhamis ake bijiro da ayyuka,
A jinkirta wa masu gaba gafarar Mahalicci.

Gwaggon Tudun Wada:
Haka ne, sai dai sallama ba ta goge bashi,
Gaishe shi, ki nemi haƙƙinki cikin mutunci.
Bayan sulhu a bi sannu: gaisuwar Juma'a,
Suna, dubiya, a aiki yara da abinci.
Rance da haɗa jari a dakata tukuna,
Sai kowa ya karɓi nasa a yi zancen kasuwanci.